Raunin Da Ido Ba Ya Gani: Ƙirji Da Ciki A Hatsarin Mota

Akwai maganar da ake yawan ji a zaman makokin wanda ya rasu a hatsarin mota. Wani daga cikin waɗanda abin ya faru a gabansu zai ce, "Wallahi ko ƙwarzane bai yi ba. Da ƙafarsa ya fito, shi ne ma ya riƙa taya mu ciro mutane." Daga nan sai a ce ya nemi wuri ya zauna, ya roƙi ruwa, kafin a ankara rai ya yi halinsa. Jama'a su girgiza kai, a ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, babu mai wuce ajalinsa. Amma ajali da sanadi yake zuwa, kuma sanadin irin wannan mutuwa ba baƙo ba ne ga duk likitan da ya taɓa kwana a ɗakin karɓar masu hatsari. Jini ne ke tsiyaya a cikin ƙirji ko a cikin ciki, inda ido ba ya kaiwa.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke tantance masu rauni a bakin titi. Ido muke bari ya yanke hukunci. Wanda goshinsa ya fashe jini ya wanke masa fuska, da wanda ƙafarsa ta karye yana kururuwa, su ake fara ɗauka. Wanda ya jingina da bishiya ya yi tsit, ya dafe haƙarƙari, sai a ce masa, "Kai ka auna arziki," a bar shi sai mota ta biyu ko ta uku. Alhali fatar kai tana da saurin zubar da jini ko da yankan bai kai ya kawo ba, mai kururuwa kuwa aƙalla ya nuna numfashinsa na fita. Sau da yawa mai shirun nan ne ke bakin gaɓa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, kuma babu abin da ya kai hatsari kashe masu shekara 5 zuwa 29. A Najeriya, alƙaluman da Hukumar Kiyaye Haɗurra ke fitarwa a 'yan shekarun nan suna kai-komo tsakanin mutum 5,000 da 6,500 a shekara, ƙiyasin hukumar ta duniya kuwa ya haura 35,000. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka buɗe wannan wagegen giɓi shi ne waɗanda suka bar wurin hatsarin da rai, suka je suka cika a gida ko a gadon asibiti, babu wanda ya haɗa mutuwarsu da motar da ta kife. Raunin kai ne kan gaba wajen kisa, wannan ba gardama. Sai dai likitoci na lissafa cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutuwar da rauni ke jawowa daga ƙirji take, ban da abin da ciki ke ɗauka.

Duk hatsari ɗaya, karo uku ne a jere. Mota ta daki abin da ta daka, ta tsaya. Jikin mutum kuwa bai tsaya ba, yana nan da gudun da motar take yi, har sai ya haɗu da sitiyari, ko gilashi, ko bayan kujerar gaba. To ko da ƙirji ya tsaya, zuciya da hanta da saifa suna ci gaba da tafiya a ciki, su daki ƙashi, su fizgi jijiyoyin da ke riƙe da su. Wannan karo na uku shi ne ba ya barin alama a fata. Kuma ƙarfin bugun ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, gaba yake yi ya bar shi: in aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin ya ninka sau huɗu. Tsayawa farat ɗaya daga gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. Daga gudun 100 kuwa, wanda direbobin hanyar Kano zuwa Zariya ba sa ma ɗauka gudu ne, daidai yake da faɗowa daga kusan mita 40.

A ƙirji, akwai raunin da galibi babu abin da ɗan Adam zai iya yi a kai. Babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya tana lanƙwasawa ta gangara ta jikin ƙashin baya. Ɓangarenta na sama yana da ɗan walawa, na ƙasa a ɗaure yake. Idan mota ta tsaya kwatsam, a mahaɗar nan take yagewa, kuma wajen mutum takwas cikin goma da hakan ta same su ba sa barin wurin da rai. A taho-mu-gama da ake yi a kan gudu, wannan na cikin abin da ke kashe direba nan take. Babban maganinsa shi ne kada abin ya faru.

Ko a inda aka fi kowa kayan aiki, raunin manyan jijiyoyin ƙirji yana gagara. Gimbiya Diana ta Ingila, da motarta ta daki ginshiƙi a wata hanyar ƙarƙashin ƙasa a birnin Paris ranar 31 ga Agusta, 1997, ba ta ɗaura bel ba. Waɗanda suka fara isa sun same ta da rai, har tana 'yar magana, babu wani mummunan rauni a fili. Sai da aka buɗe ƙirjinta a asibiti aka ga jijiyar da ke dawo da jini daga huhun hagu zuwa zuciya ta yage. An shafe fiye da awa ɗaya da rabi kafin a isa da ita asibiti, domin tsarin Faransa shi ne likita ya fara daidaita majinyaci a wurin da abin ya faru, kuma har yau masana na jayayya kan ko gaggawar kai ta ɗakin tiyata da ta sauya wani abu. Abin lura a nan shi ne, mace ce da likita ya iso kanta cikin mintuna, amma fatarta ba ta faɗi abin da ke ciki ba.

Sai dai kada wannan ya sa a ɗauka duk raunin ƙirji haka yake. Akasin haka ma. Mafi yawansu, fiye da takwas cikin goma, ba sa bukatar a buɗe ƙirji. Nan ne takaicin yake, domin abin da ke kashe mutanenmu galibi ba gagararre ba ne.

Ɗauki haƙarƙari ya karye, tsininsa ya huda huhu. Iska za ta riƙa fita daga huhun tana taruwa tsakaninsa da bangon ƙirji. Wani lokaci hujin kan zama kamar bawul ɗin taya, iska na shiga ba ta fita. Duk numfashin da mutum ya ja, ƙara cika ƙirjin yake yi. Huhun ɓangaren ya lotse, iskar ta tura zuciya gefe, ta matse jijiyoyin da ke dawo mata da jini. Za a ga mutum yana haki, yana fizge-fizge, jijiyoyin wuyansa sun tashi, gefe ɗaya na ƙirjinsa ba ya motsi. Mintuna kaɗan suka rage masa. Amma babbar allura guda, a soka ta inda ya dace iskar ta fita, sannan a zura roba ta gefen ƙirji a haɗa da kwalbar ruwa, ta isa ta dawo da shi. Wannan robar dai ita ce ake zuƙe jini da ita idan shi ne ya taru, kuma kowane ɓangare na ƙirji yana iya ɓoye jini fiye da lita biyu. Aiki ne da likitan babban asibitin ƙaramar hukuma zai iya yi idan an koya masa kuma kayan na nan a kusa, ba a cikin kabad ɗin da mai mabuɗinsa ya tashi daga aiki ba.

Akwai kuma wanda haƙarƙarinsa da yawa a jere suka karye wuri biyu-biyu, ɓangaren ya rabu da sauran, yana lotsawa ciki idan an ja numfashi. Akwai wanda jini ya taru a jakar da ta lulluɓe zuciya, ɗan kaɗan ma ya isa ya hana ta buɗewa. Wanda ya fi yaudara shi ne huhun da ya bugu bai fashe ba. Hoton ƙirji na farko na iya fitowa kusan tas, a sallami mutum, sai bayan kwana ɗaya ko biyu huhun ya kumbura ya cika da ruwa, numfashi ya gagara. Yara sun fi faɗawa wannan tarkon. Ƙashinsu ɗanye ne, yana lanƙwasawa ya dawo bai karye ba, ƙarfin bugun duk ya wuce ciki. Yaron da mota ko babur ya buge a ƙirji, don an laluba ba a ji karaya ba, ba shi ne lafiya ba. Tsoho kuma, ko haƙarƙari biyu ne suka karye, zafi zai hana shi jan dogon numfashi da yin tari, majina ta kwanta a huhu, ciwon sanyin haƙarƙari ya biyo baya. Shi ya sa ɗaure ƙirji tamau da tsumma, kamar yadda ake yi a wajen wasu masu ɗori, ƙara cutar yake yi.

Ciki ya fi ƙirji iya ɓoye sirri. Saifa tana ƙarƙashin haƙarƙarin ƙasa na hagu, hanta na dama, kuma su biyun ne suka fi fashewa idan ciki ya bugu. Dukkansu cike suke da jini. A ƙasarmu saifa na da ƙarin matsala: zazzaɓin cizon sauro da ake ta maimaitawa yana kumbura ta, ta leƙo daga inuwar haƙarƙari, ta yi laushi, har bugun da bai kai ya kawo ba ya fasa ta.

Baligi yana da jini wajen lita biyar. Jiki, musamman na matashi, yana da dabarar rufa wa kansa asiri: yana matse jijiyoyin hannu da ƙafa da fata, ya tura sauran jinin ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Don haka mutum na iya zubar da kusan lita ɗaya da rabi a cikinsa alhali yana tsaye yana magana, awon jininsa ma bai faɗi ba. Sa'ad da dabarar ta ƙare, faɗuwar lokaci ɗaya take zuwa. Amma kafin nan jikin yana ba da alamu ga wanda ya san abin dubawa. Bugun zuciya yana sauri. Numfashi yana sauri. Tafin hannu da cikin fatar ido suna yin fari. Gumi mai sanyi yana karyowa. Mutum ya kasa zama wuri ɗaya, ko ya fara sambatu, ko jiri ya ɗebe shi da zarar ya miƙe. Wani zai ce kafaɗarsa ta hagu ke ciwo alhali bai bugu a nan ba. Jinin saifa ne ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, zafin ya bayyana a kafaɗa.

Sai ƙishirwa. Mutanenmu sun daɗe da lura cewa mai hatsarin da ya nace sai an ba shi ruwa, in ya sha yakan mutu, har aka ce ruwan ne ke kashewa. Lurar daidai ce, fassarar ce ta kauce. Ƙishirwar alama ce ta jinin da ya riga ya zube, shi ne mai kisan. Duk da haka hana ruwan na da amfani, domin mai irin wannan rauni ɗakin tiyata zai nufa, kuma ciki mai ruwa ko abinci na iya amayowa cikin huhu idan an yi allurar barci. Kuskuren shi ne a hana ruwa sannan a zauna. Wanda ya fara roƙon ruwa da naci, shi ya kamata a fara sa wa a mota. Kwarara wa wanda ya suma ruwa kuwa, wannan a daina. Sanyin jiki yana hana jini daskarewa. Lulluɓe shi ya kamata a yi, ko da rana ake yi.

Hanji nasa salon daban ne. In ya huje ba ya zubar da jini sosai, ƙazanta ce ke tsiyaya cikin ciki a hankali. Mutum ya koma gida, a yi masa barka, a gasa masa jiki da ruwan zafi, ya sha maganin ciwon jiki daga kemis. Washegari ciki ya ɗaure kamar katako, amai da zazzaɓi su taso, a fara maganin taifot. Kafin a tuna da hatsarin shekaranjiya, guba ta gama jiki. Ƙashin ƙugu kuma, in ya tarwatse, yana iya shanye jinin mutum kusan duka. A nan zane ko rawani na iya ceton rai: a naɗe shi tamau daidai kan ƙashin kwatangwalo, a haɗe ƙafafu, kafin a ɗaga mutum.

Irin yadda muke shiga mota ma yana zaɓa mana irin raunin da za mu samu. Bel mai bi ta kafaɗa da ƙugu, wanda injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya fito da shi a 1959, yana rage haɗarin mutuwar na gaban mota da kusan rabi, domin yana ɗora ƙarfin bugun a kan ƙasusuwa masu ƙwari maimakon ƙirji ya haɗu da sitiyari. Tun 2003 ake tilasta ɗaura shi a Najeriya. To amma wane bel mutum biyu za su ɗaura a kujerar gaba ɗaya, kamar yadda ake lodi a tashoshinmu? Direba kuma sai ya hango jami'ai ya yafa shi a kafaɗa bai maƙala ba. Na baya ba a ma zancensu, alhali wanda bai ɗaura ba a baya shi ne ke tasowa da duk nauyinsa ya murƙushe na gaba. Wanda ya ɗaura ma sai ya ɗaura daidai. In igiyar ƙasa ta hau kan tumbi maimakon ƙashin ƙugu, ita da kanta tana iya tsinka hanji, shi ya sa likita in ya ga shatin bel a kan ciki ba ya saurin sallama. Mai juna biyu ta bi da shi ta ƙarƙashin cikin, kada ta bari don tsoron ɗan. Rayuwar uwa ita ce kariyarsa ta farko.

Ɗan acaɓa da fasinjan A Daidaita Sahu ba su da komai tsakaninsu da ƙarfe. Hular kwano kai take karewa, kan babur kuwa ciki yake nufa. Mafi muni su ne bayin Allahn da ke hawa saman tirela, a kan buhuna ko a tsakiyar shanu, za su Kudu neman abinci. In ta kife, kayan ne ke danne su. Da yawansu ba sa zubar da ko ɗigon jini. Ƙirjin ne kawai ya kasa ɗagawa a ƙarƙashin nauyi.

Bayan hatsari, komai ya koma kan lokaci da kuma inda aka nufa. Wani bincike da aka wallafa a 1998 ya kwatanta masu munanan raunuka a birane uku. A Siyatil ta Amurka kashi 35 cikin ɗari suka mutu, a Monterrey ta Meziko kashi 55, a Kumasi ta Gana kashi 63. Mafi yawan bambancin kafin a isa asibiti ya faru. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana da lambar gaggawa 122 da motocin ɗaukar marasa lafiya a wasu manyan hanyoyi, amma kowa ya san wanda ke fara isa: direban da ke tafe a baya, da mutanen ƙauyen da ke bakin titi. Su ne za su zaɓi wanda za a fara ɗauka da inda za a kai shi. Ɗan ƙaramin asibitin da ya fi kusa zai ɗinke goshi, ya ɗaura ledar ruwa. Mai fasasshiyar saifa kuwa ruwa ba ya riƙe shi. Jini yake bukata da likitan da zai buɗe ciki ya tsayar da zubar, ko da cire saifar ne gaba ɗaya, tunda ana rayuwa ba tare da ita ba. Ƙarin minti ashirin zuwa asibitin da ke da ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini ya fi awa uku da za a ɓata kafin a rubuto takardar turawa gaba.

A asibitin ma akwai shingaye. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, amma har yanzu tsoron tambayoyin 'yan sanda na sa masu mota su wuce, kuma dangi na yawo da dare neman wanda zai ba da jini leda biyu, ko kuɗin kayan aiki, majinyaci na kwance. Ga kuma abubuwa masu araha da ba su kai ko'ina ba. Na'urar sikanin da ake duba masu ciki da ita tana nuna jinin da ya taru a ciki cikin 'yan mintuna. Allurar tiranekzamik, wadda ake yi wa mai jego idan jini ya ɓalle, wani babban gwaji da aka yi kan mutum fiye da 20,000 a ƙasashe 40, aka fitar da sakamakonsa a 2010, ya nuna tana rage mutuwar masu rauni, muddin an yi ta cikin awa uku na farko. Tsarin da likitocin duniya ke bi wajen karɓar mai rauni ma daga ƙauye ya samo asali. Wani likitan ƙashi, James Styner, ya faɗi da ƙaramin jirginsa a jihar Nebraska ta Amurka a 1976, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka ji munanan raunuka, ya ga yadda ƙaramin asibitin da suka isa ya rasa ta inda zai fara. Daga nan aka tsara horon da ya ce a fara da hanyar iska, sai numfashi, sai jini, kafin a waiwayi karaya komai muninta.

Wannan jerin ba sai likita ba. A Gana, bayan binciken Kumasi, an koya wa direbobin haya fiye da 300 taimakon farko a ɗan gajeren horo, da harshen da suke ji, da kayan da ke hannunsu, kuma da aka bibiye su an tarar da yawansu sun yi amfani da abin da suka koya. Mu ma muna da tashoshi, muna da ƙungiyar direbobi mai reshe a kowane gari, muna da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da suka saba da ɗawainiyar jama'a. Direban da ya san cewa mai shiru da gumi mai sanyi ya riga mai kururuwa shiga mota, ya san ba a zare ƙarfen da ya soki ƙirji ko ciki, ya san a kwantar da sumamme a gefensa ba tare da murɗa wuya ba, ya kuma san wane asibiti ne ke tiyata da dare a kan hanyar da yake bi kullum, ya riga ya yi rabin aikin motar asibitin da ba ta zo ba.

Saura abu ɗaya da ke da nauyin faɗa. Da yawa daga cikin abin da duniya ta sani game da waɗannan raunuka daga binciken gawa aka samo shi. Mu kuwa muna gaggauta suturta mamaci, kuma zuciya ba ta son a taɓa shi. Wannan abin girmamawa ne, ba na kiran a yi watsi da shi. Amma sakamakonsa shi ne ba mu san adadin waɗanda iska a ƙirji ko fasasshiyar saifa ta kashe a hanyar Kaduna ko ta Maiduguri ba, don haka mai rabon kasafi bai ga dalilin sayen robar ƙirji ba. Ana iya rage wannan duhu ba tare da wuƙa ba. Asibiti ya rubuta lokacin hatsari da lokacin isowa, da inda aka fara kai mutum, da abin da sikanin ko hoto ya nuna, har ga wanda ya cika a bakin ƙofa. Likitoci su zauna duk wata su bi waɗannan takardu ɗaya bayan ɗaya, su ware waɗanda da an yi kaza da sun tashi, su aika wa ma'aikatar lafiya da hukumar kiyaye haɗurra sunan hanyar da abin da aka rasa a daren.